Yadda na gaida surukina daga cikin ramin kwaɓi

Kun dai san filin nan da na saya a hanyar Kware, kun kuma san surutun da na sha da na ce ba zan sa bulo ko ɗaya ba. Ginin ƙasa nake yi, tubali da azara, sola a sama, rijiya a tsakar gida, dogon yaro da zogale a kewaye. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin bulo mai rufin kwano a Sakkwato cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40 kuma an ɗauke wuta, ba ya buƙatar in yi masa lacca. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye zafin rana, ba ta sakinsa sai can dare, lokacin kuwa kowa na waje kan tabarma. Ɗaki biyu aka gama muka kwashi yara muka tare, sauran gini na tafiya muna ciki.

Sai dai ramin kwaɓi da ƙananan yara ba sa zama gida ɗaya. Jar ƙasa ce jakai ke kawowa, a zuba ruwa, a tattaka, a sa ciyawa da kashin jaki, a bar ta kwana da kwanaki ta ruɓa, a sake tattakawa. Magini ya ce in ba ta yi wari ba ba ta nuna ba. Ta kuwa nuna. Yaya, mai shekara 5, da Auta, mai shekara 3, sun mai da wurin makarantarsu. Rabin tubalin da aka shanya na ɗauke da shatin tafin hannunsu. Akwai ranar da suka ga magini na yaɓe, suka ji ya ce don kada ruwan damina ya ci katanga ne, sai suka tausaya wa farantin sola da ke jingine ana jiran mai ɗaurawa, suka yi masa nasa yaɓen tas.

To, ranar Juma'ar nan surukina Alhaji zai zo ganin gidan karon farko, shi da Kawu. Kun san ra'ayin Alhaji. Ya aurar da 'yarsa ga mai albashi, mai albashi ya kwashe ta ya mayar ƙauye. Sau nawa yana tuna mini cewa a Kalambaina ake yin siminti, nan bayan gari, ba sai an je Legas ba. Maman yara tun asuba take kan murhu. Ni kuma na dawo masallaci cikin farar shaddata, wadda na yi Sallah da ita, sai na tarar da Auta na birgima tana ihu. Yaya ya jefa takalminta ɗaya tsakiyar ramin, wai yana son ya ga ko zai yi iyo.

Ga takalmin can ina hango shi, bai fi taku uku ba. Na naɗe ƙafar wando, na tattare riga a kafaɗa, na ce yanzu-yanzu. Takun farko ƙasa ta kama idon sawu. Na biyu ta kai gwiwa. Na ɗaga ƙafa in yi na uku, ƙafa ta ce ba da ita ba. Daidai nan na ji an kashe mota a ƙofar gida, kuma gidan da ba a gama katangarsa ba ai ba shi da zaure, daga mota sai rami.

“Salamu alaikum.”

Jama'a, ku gaya mini. Suruki ya yi sallama, yana tsaye a kanka, kai ma kana tsaye ƙiƙam. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa gaida shi a tsaye ba. Kafin in yi shawara da kaina gwiwoyina sun riga sun yanke hukunci. Na durƙusa. Ƙasar nan ta yi wata ƙara, ɓulum, ta karɓe ni har ƙugu, shadda ta baje a samanta kamar an shanya wanki.

“Baba, barka da zuwa. An zo lafiya? Ya hanya?”

Shi kuwa Alhaji, Allah ya ƙara masa girma, ya amsa mini gaisuwar nan kakaf bai tsallake ko ɗaya ba. Ya gida, ya iyali, ya aiki, ya zafi. Ina amsa “lafiya lau, Baba” ina jin sanyi na hawa bayana. Kawu ya juya baya yana tari, kafaɗunsa na rawa. Sai Auta ta daina kuka, ta ruga ta riƙe babbar rigar Alhaji, ya ce “a'a, amaryata ce?”, ta nuna ni da yatsa ta ce, “Kaka, Baba ya zauna cikin kashin jaki.” Yaya ya gyara mata, ya ce ba na jaki kaɗai ba ne, har da ciyawa.

Na yunƙura in miƙe, sai na ji tazuge ya yi tas. Ni ina son hawa sama, wando ya riga ya zama ɗan gida a ƙasa. Alhaji ya gane. Nan take ya ɗaga kai ya kafa wa rufin ɗaki ido, ya ce, “Wagga azara ta giginya ce?” Na ce ta giginya ce, Baba, gara ba ta cika cinta ba. Ya ce ɗakin bai yi ƙunci ba? Na ce azara ba ta son dogon zango, shi ya sa in ana son falo mai faɗi sai an yi bakan gizo, wato ginin lanƙwasa mai tallafe rufi. Ya ce ruwan Agusta fa? Na ce za a shafe da makuba, ta ɓawon ɗorawa, ga indararo an sa. Duk bayanin da na kwana ina shiryawa don in burge shi, a nan na yi shi, hannu ɗaya na lalube cikin laka.

Yanzu bari in zo kan mai jaki, don shi ne abin da ke ci mini rai har yau. Mutumin nan tun farkon abin yana zaune gindin dogon yaro yana shan rake. Ya ga Yaya ya jefa takalmi. Ya ga na naɗe wando. Ya san zurfin ramin, shi ya cika shi. Bai ce uffan ba sai da na kai ƙugu, sannan ya tofar da ɓawo ya ce, “Malam, nan wajen akwai zurhi.” Wannan fa shi ne mutumin da ke sayar mini da ƙasa mangala-mangala, sannan ya yi mini lissafin kashin jaki daban, kashin da jakin ya yi a cikin filina, bayan ya cinye mini zogalen da na dasa. Da na yi magana ya ce ai dabba ba ta san shuka ba. Amma ta san hanyar gidana ranar biya.

Shi ya kwance igiyar jakin ya jefo mini, shi da Kawu suka ja, Alhaji na ta nazarin indararo. Maman yara ta miƙo zane ta taga ba ta ko leƙo ba, amma na ji dariyarta. Da zanen atamfa na ci tuwon shinkafa gaban surukina. Da za su tafi Alhaji ya ce ɗakin dai akwai sanyi, ya shiga mota.

Da yamma mai jaki ya dawo, wai igiyarsa ta ɓaci, a ba shi na sabulu. Igiyar jaki fa. Kafin ranar kasuwa labari ya gama ƙauye, mai shayi ma yanzu in ya hango ni sai ya ɗan rusuna yana murmushi. Na yi cigiyar wani mai jakin, aka ce akwai ɗaya a ƙauyen gaba, ƙanen matarsa ne. Gobe da safe dai zai kawo ƙasar zaure, ya ce kuma mangala ta ƙara kuɗi.