A daina fakewa da addini a maganar Turkiyya da Tarayyar Turai

Jiya a teburin mai shayi wani bawan Allah ya kusa cinye ni ɗanye, wai tun 1987 Turkiyya ke ƙwanƙwasa ƙofar Turai an hana ta shiga don kawai ƙasar Musulmi ce. Na ce ko ya taɓa jin sharuɗɗan Copenhagen? Ya ce ni ɗan koren Turawa ne. To, madalla.

Jama'a, sharuɗɗan nan na shiga Tarayyar Turai a rubuce suke tun 1993. Dimokuraɗiyya mai tsayayyun hukumomi, kotun da ba ta jiran umarni daga fadar shugaban ƙasa, kare haƙƙin tsiraru, kasuwar da za ta jure gasa, sannan ka kwashi dokokin Tarayyar, babi 35, ka zuba cikin naka. Turkiyya ta san da haka sarai. Shi ya sa ta soke hukuncin kisa gaba ɗaya a 2004, aka fara zaman tattauna shigarta a 2005. Erdogan ɗin da kuke yi wa kirari, a zamaninsa aka yi wannan.

Daga baya fa? Kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ce a saki Osman Kavala, ɗan kasuwar Turkiyya mai fafutukar kare haƙƙin jama'a, tun 2019, aka yi kunnen uwar shegu, a 2022 ma aka yi masa ɗaurin rai da rai. A Maris 2025 aka kama magajin garin Istanbul, Ekrem Imamoglu. Kuma har yau Ankara ba ta amince da gwamnatin Cyprus ba, wadda ke cikin Tarayyar, alhali sai kowace ƙasar Tarayyar ta ce e kafin a shiga. Kana neman auren yarinya kana gaba da kawunta!

Na sani, za ku ce Sarkozy, tsohon shugaban Faransa, ya fito fili ya ce ba ya son Turkiyya a ciki. Ya faɗa, kuma akwai irinsa. Shi ne ya kulle Kavala? Albaniya ma Musulmi sun fi kowa yawa a cikinta, ga ta can ta buɗe babi bayan babi na tattaunawar shiga.

Wallahi ina ƙaunar Turkiyya, kuma yadda ake tsare mutane a can yana ci mini rai fiye da rufe mata ƙofar.

Af, wai ina aka kwana da Maroko? Tun 2017 ta nemi shiga ECOWAS, shugabanninmu suka ce sun yarda bisa manufa, shiru kake ji. Ko su ma ƙin Musulunci ne?