Ƙarfin titin jirgi da sa'a ake auna shi

Wani labari da na karanta ya auna buƙatar sabon titin jirgi a Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano da yawan fasinjojin shekara, alhali ƙarfin titin jirgi ana lissafa shi ne da adadin sauka da tashi cikin sa'a guda. Filin Gatwick na Ingila yana kaiwa 55 da titi ɗaya. A ganina, matsinmu yana zuwa ne lokacin jigilar alhazai da manyan jirage, domin dole ƙaramin jirgi ya dakata bayan babba saboda guguwar da fukafukansa ke bari. Sai kuma hazon hunturu. Na taɓa wuni a ɗakin jira, fasinjoji zaune kan jakunkunansu, titin kuwa wayam, ana jiran gari ya washe. Ya kamata hukumar kula da filayen jiragen sama ta Najeriya, FAAN, ta wallafa lissafin sa'o'in cunkoso kafin a yi maganar sabon titi.