Ranar da na zama wanzamin kaina

Gemuna ba ya shiri da reza. Gashi ne mai kauri, murɗaɗɗe, in ka yanke shi yau, jibi sai ya lanƙwaso ya koma cikin fata. Shekara da shekaru ina sayen ƴar rezar nan ta roba wurin mai tebur na bakin layinmu a Sabon Gari, in kankare fuska Lahadi da dare don shiga buro ranar Litinin, kafin Laraba wuyana ya cika da ƙuraje. Na shafa man kaɗanya, na shafa alkol, na shafa wani farin gari da aka ce daga Kano ya zo, ƙuraje suna nan daram.

Wani ma'aikacin lafiya da muke shan shayi tare a fada ne ya warware mini abin. Ya ce reza mai baki biyu ko uku dabara aka yi mata: bakin farko ya ja gashin ya ɗago shi, na biyu ya datse shi kafin ya koma, sai guntun ya nutse ƙasan fata. Mai miƙaƙƙen gashi ba ruwansa, nasa zai biyo hanya ya fito. Namu mai murɗewa kuwa sai ya soki fatar daga ciki, wurin ya kumbura. Ƙarfe mai baki ɗaya, in ji shi, daidai saman fata yake yankewa. Yana rufe baki na ce ashe aska ce maganina.

Nan Mushe ya ajiye kofin shayinsa. Malamin lakwal ne, kuma tun muna yara ban taɓa cewa gabas ya bar ni ba tare da ya ce yamma ba. Ya zaro waya ya fara karanto mana tarihi. Wani Ba'amurke, King Camp Gillette, ya sami takardar mallakar fasahar reza mai bakin da ake canjawa a 1904, a yaƙin duniya na farko aka raba wa sojojin Amurka miliyoyinta. Kamfanin Bic na Faransa, mai yin alƙalamin da ƴaƴanmu ke taunawa, ya fito da wadda ake yarwa ɗungurungum a 1975. Baki biyu ya zo a 1971, uku a 1998, biyar a 2006.

"Duniya tana ƙara baki," in ji shi, "kai kana neman komawa maƙera."

Na ce da baki ɗayan nasu yana aiki da ba su kai ga biyar ba. Na ce kafin Faransawa su ci Damagaram a 1899 da me kakanninmu suke aski, da bik? Su kansu Turawan har yau suna ƙera aska a Solingen ta Jamus da Thiers ta Faransa, masu kuɗinsu suna saye da tsada. Na kuma ɗora masa wadda ba ta da amsa: a ƙasar Hausa har sarauta aka yi wa aska, akwai Sarkin Aska, shi ya taɓa jin inda aka naɗa Sarkin Reza?

Fada ta ɗauki shewa. Mushe ya jira aka lafa, sannan ya tambaye ni cikin sanyin murya: askar ce take aski ko wanzamin? Na ce aska. Ya ce to madalla, ranar Asabar akwai sunan ɗiyar ƙanwar maiɗakina a Birni, shi ma an gayyace shi, in zo da fuskar da na gyara da hannuna, jama'a su yi hukunci. Muka tafa.

Washegari na shiga Kasuwar Dole na samo aska wurin wani mai kayan maƙera. Ya ce mini sai an wasa ta tukuna, in ƙara wani abu ya wasa mini. Na san halin ƴan kasuwa, na ce ya bar shi. Daren nan na ƙarar da kuɗin wayata ina kallon wani Bature yana aski a intanet, a ɗakin wanka mai famfon ruwan zafi, da tawul fari, da kumfa har kunne.

Asabar ta zo da hunturu irin wanda ke fasa leɓe. Famfo kuwa, wanda ya san Damagaram ya san ba a yi masa alƙawari. Ko ɗigo babu, ɗan garuwa bai iso ba, sauran ruwan randa maiɗakina ta kasa ta tsare don kunun yara. Da ƙyar ta tsiyayo mini rabin moɗa, mai sanyi ƙarara. Sabulun aski babu, na gutsuro na wanki. Madubi na kwance na babur ɗin maƙwabci.

Baturen ya goga askarsa a jikin fata kafin ya fara, don haka na rataye ɗamarar wandona a ƙusa, ta fata ce aikin dukawan garin nan, ita kaɗai gare ni ta zuwa biki. Shi yana jan askar ne bayanta a gaba, bakin yana biye. Wannan wurin hoton ya ɗan tsaya saboda rezo. Na tura baki gaba da ƙarfina, ɗamara ta rabu biyu, rabi a ƙusa rabi a hannuna. Na yi murna, domin askar da ta raba fatar saniya ai ba ta buƙatar wasi.

Ina so a rubuta wannan a ajiye: jan farko a kuncin dama ya fita tas. Wuri ne ɗan ƙarami, babban yatsa zai rufe shi, amma tun da gemu ya fito mini ban taɓa jin santsi irin nasa ba. Na kira maiɗakina ta zo ta taɓa, ta ce tana kan wuta.

Kuncin hagu ne ya kawo rigima. Hannun da ke riƙe da aska shi ne yake tare madubi, in na kauce don in gani, askar ta kauce tare da ni. A madubi dama hagu ce, hannuna bai yarda ba. Sabulun ya bushe ya zama ɓawo kafin in gama shawara. Askar ta daina yanka ta koma tsiga, ni kuma na ƙara danna ta don ta san da wanda take magana. Layi na farko bai yi zafi ba, sai da na ga ja yana gangarowa cikin farin sabulu. Na biyu ya zo kusa da shi don kada ya zauna shi kaɗai. A haɓa, inda ƙashi ya yi kwana, na sami na uku da na huɗu a ja guda.

Ina kan gashin baki, na ɗaga hanci da yatsa, numfashi a riƙe, ɗan garuwa ya buga ƙofar langa-langa ya kwaɗa sallama. Rabin gashin bakina na hagu ya sauka a cinyata.

Ƙaramin ɗana da ke tsugune yana kallo ya ruga yana kiran uwarsa, wai Baba ya yanka kansa. Ta fito da muciya a hannu, ta dube ni sama da ƙasa.

"Maigida, ai rago za a yanka a can. In sun ce babu, da ka faɗa mini in yi musu magana."

Ta farke gefen matashi ta ciro auduga ta lilliƙa mini. Na aika yaro wurin Buzun da ke gadin shagon gaba ya aro mini rawani, na naɗa har hanci, na ɗaure wando da igiyar shanya, na tare kabu-kabu zuwa wurin tsohon wanzaminmu a Birni. Duk hanya ɗan kabu-kabun yana tambayata labarin Agadas da kuɗin raƙumi, ina amsa masa da kai.

Baba wanzami yana kan tabarmarsa a inuwa, zabira a gefe. Shi ya yi mini askin suna, shi ya yi mini kaciya, saboda haka babu abin da zan ɓoye masa. Na kwance rawani. Ya daɗe yana kallo.

"Ɗana, su nawa ne suka tare ka?"

Na miƙa masa askar. Ya gwada ta a gashin hannunsa, ba ta ɗauki ko ɗaya ba. Ya ce wannan ko dutse ba ta gani ba, wuƙar yankan kuɓewa ce mai kube. Yana jiƙa mini fuska da ruwan ɗumi yana karanta mini laifuffukan askar. Gashi sai ya sha ruwa ya yi laushi. Fata sai an ja ta da yatsun ɗaya hannun ta miƙe, in ta tattare nan ƙarfe yake shiga. Aska kwantar da ita ake yi kusa da fata, ba a tsayar da ita, ba a danna ta, nauyinta ya isa. A bi gashi ta inda ya kwanta, musamman a wuya, inda yake fitowa ta ko'ina. Kada a taɓa jan ta a gicciye, ta tsawon bakinta, wannan tsaga ce ba aski ba. Ya ce shi ya yi shekaru yana ɗaukar wa mahaifinsa zabira kafin a bar shi ya taɓa ƙeyar mutum.

Sai ya buɗe zabirar ya ciro wani abu mai siffar aska, ya ɓare sabuwar reza daga takardarta, ya karya ta biyu, ya zura rabi a ciki. Na ce Baba, mene ne haka? Ya ce tun da likitoci suka yi ta tara wanzamai suna bayani a kan ciwon hanta da ƙanjamau, yadda jinin wani ke bin ƙarfe ya shiga jikin wani, kowane kai da sabon bakinsa, a gaban mai kan ake ɓarewa. Tsofaffin asake na gado suna nan a naɗe, in mutum ya zo da tasa ta kansa ya wasa masa.

Wannan bai dame ni ba, baki ɗaya ne dai, hujjata tana nan. Abin da ya dame ni shi ne da na tambaye shi da me yake gyara tasa fuskar. Ya waiga hagu da dama, ya sa hannu a aljihun ƴar shara ya nuno mini kan ƴar rezar roba, irin ta mai teburinmu sak.

"Wanzami ba ya son jarfa," in ji shi. "Ni ma ba na ganin kuncina na hagu."

Na roƙe shi kada maganar nan ta kai kunnen Mushe. Ya ce bakin wanzami ai kabari ne. Ya kwashe sauran gashin bakin don a daidaita, ya bi tsakanin raunukan a hankali ya share abin da ya rage, ban ji ko ƙaiƙayi ba.

Na isa gidan surukai an riga an yi fatiha. Na zauna can gefe, amma wata gwaggon maiɗakina, tsohuwa mai kaifin ido, ta sa aka kira ni zaure. Ta kama haɓata ta juya fuskata wajen haske tana ƙirga layuka. Ta ce ta san tsagar Barebari, ta san ta Gobirawa, ta san ta Daurawa, amma biyu a hagu, biyu a haɓa, dama wayam, wannan ba ta taɓa gani ba. Ta juya ga matan gida ta ce lokacin neman aure an ce musu ni ɗan Zango ne, a binciko asalina da kyau.

Mushe yana bakin ƙofa, fuskarsa sumul, ya kasa tsayuwa don dariya. Na kamo yatsansa na ɗora a kuncina na dama, daidai wurin nan na farko, na ce ya faɗi tsakaninsa da Allah ko rezarsa ta taɓa yin haka. Ya ce santsi kam akwai, sai dai yana so ya san wanne ne nawa wanne ne na wanzami.

Ana cikin haka sai ga wanzamin gidan ya iso askin jaririya, kuma ba kowa ba ne sai Baba. Ya karɓi ƴar kwana bakwai a cinyarsa, ya ɓare sabon baki, ya sauke gashin kanta tsaf tana barci, ko motsi ba ta yi ba. Da ya gama ya ɗago kai ya hango ni cikin jama'a.

"A ba abokin sana'ata goro," ya ce da ƙarfi. "Ɗana, matso ka riƙe mini zabira. Zabirar kawai."