Likitoci da bam: me ya haɗa su?

Jiya a majalisa wani abokina ya dage cewa likita ya tsaya kan allura da rubuta magani, batun makaman nukiliya na sojoji ne da 'yan siyasa. Ni kam ban yarda ba.

Ranar 6 ga Agustan 1945 da Amurka ta jefa bam a Hiroshima, garin na da likitoci kusan 300. Kimanin 270 sun mutu ko sun jikkata. Ma'aikatan jinya ma haka, asibitoci kuma sun ruguje. Ga mutane fata na saɓulewa daga jikinsu, suna roƙon ruwa. To wa zai duba wa? Dakta Marcel Junod na Red Cross sai bayan wata guda ya iso da tan 15 na magunguna, ya tarar gari ya zama toka. Ciwon da likita ya san ba shi da maganinsa, in bai yi maganar rigakafi ba, me ya rage masa?

Abin da ya sa ke nan a 1980, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, likitocin zuciya biyu suka jagoranci kafa IPPNW, ƙungiyar likitocin duniya masu neman hana yaƙin nukiliya: Bernard Lown Ba'amurke da Yevgeny Chazov na Tarayyar Sobiyat. Suka ci kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1985. Chazov ba waliyyi ba ne, an soke shi sosai kan sa hannu a wasiƙar sukar Andrei Sakharov, masanin kimiyyar Sobiyat mai fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam. Amma a birnin Oslo, inda suka je karɓar kyautar, ana cikin taron manema labarai ana jifansu da tambayoyi, sai wani ɗan jaridar Sobiyat ya yanke jiki ya faɗi, zuciyarsa ta tsaya. Su biyun suka durƙusa kansa suna danna ƙirji, mutumin ya rayu.

Mu ma fa abin ya taɓa zuwa maƙwabtanmu. A Reggane cikin hamadar Aljeriya Faransa ta yi gwajin bam ɗin nukiliyarta na farko a 1960, har Najeriya ta yanke hulɗa da ita a 1961.

Daga likitocin nan ne kamfen ɗin ICAN na neman kawar da makaman nukiliya ya fito a 2007, aka kai ga yarjejeniyar haramta makaman a 2017, ƙasashe 122 suka amince. Najeriya ta tabbatar da ita a 2020. Ƙasashe tara masu makaman dai har yau ba wadda ta sa hannu, kuma nan abokin nawa ya kama ni, ya yi dariya ya ce a ƙaro masa shayi.