Sabis bai ɗauke ba, amma wa ya amfana da shi?

A watan Satumban 2025, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a Bahar Maliya kusa da Jidda, mutanen Indiya da Pakistan da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sun ji a jikinsu. Abin da ya ɓata mini rai shi ne bayanin da ya biyo baya: wai sadarwa ba ta katse ba, an karkatar da ita ta wasu hanyoyi, jinkiri kawai za a gani. A takarda gaskiya ne. Amma je ka faɗa wa wanda ya zuba wa allon wayarsa ido, ɗan zoben nan yana ta juyi, ko wanda muryar abokin maganarsa ke zuwa guntu-guntu.

Laifin na ma'aunin ne. Har yau ana auna sadarwa kamar ƙwan fitila, ko a kunne ko a kashe. Daga nan ake samo alƙaluman da kamfanoni ke tinƙaho da su: a ce sabis yana aiki kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci, wannan na nufin sabis ya ɗauke na kusan awa 9 a shekara, 99.999 kuwa minti 5 da 'yan daƙiƙoƙi. Lissafin ba shi da aibu. Sai dai duk awannin da sabis ya shafe yana tafiyar hawainiya, an zuba su a layin "lafiya lau".

Alhali na'urorin kansu ba haka suke aiki ba. Dubi farantan nan da ke manne a turakun sadarwa, masu aika saƙo daga turke zuwa turke. Idan ruwan sama ya tsuge, ba mutuwa suke yi ba. Rage yawan abin da suke ɗauka suke yi, mataki bayan mataki, don kada layin ya tsinke. A ɗakin masu sa ido fitila tana nan koriya, kai kuwa hoto ɗaya ya gagare ka turawa. Tsakanin cikakkiyar lafiya da mutuwa akwai matakai da yawa, kuma a cikinsu yawancin wahalar masu waya take.

Ba yau masana suka san wannan ba. Tun 1978 wasu masu bincike biyu, Barlow da Wu, suka yi rubutu kan tsarin da sassansa ke da matakan aiki fiye da biyu. Tambayar da irin wannan nazari ke yi ita ce: sau nawa cikin ɗari hanyar za ta iya ɗaukar aƙalla nauyin da ake buƙata? Kafin nan, a 1956, masana lissafi Ford da Fulkerson sun nuna cewa a kowace hanya, wurin da ya fi matsewa shi ke yanke yawan abin da zai wuce. Shi ya sa ban yarda da kirarin "muna da hanyoyi da yawa" ba. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu ne, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala lokaci guda a gaɓar Afirka ta Yamma. Hanyoyi huɗu da ke bin lungu ɗaya, hanya ɗaya ce.

Masu kare tsohon ma'auni za su ce lissafin na da nauyi: sassa 20 masu mataki biyu-biyu suna ba da yanayi kusan miliyan ɗaya, masu mataki huɗu-huɗu kuwa sama da tiriliyan ɗaya. To wa ya ce a ƙirga su ɗaya bayan ɗaya? Kamfanin da ke iya lissafa kowane megabait da ka ƙona don ya cire kuɗinsa, ba lissafi ne ya gagare shi ba, sakamakon ne ba ya so a gani.

Hukumomin sa ido su daina karɓar lamba ɗaya tilo. A tilasta wa kamfanoni bayyana awa nawa sabis ya yi da cikakken ƙarfi, nawa a rabi, nawa yana rarrafe. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta daɗe da nuna cewa magana tana tafiya sumul muddin jinkirin isar murya bai wuce milisakan 150 ba (milisakan 1,000 ne daƙiƙa ɗaya). Ko daga nan aka fara, duk mintin da ya haura wannan iyaka a rubuta shi a layin gazawa, a kuma rage shi daga kuɗin da ake karɓa.