Wai Shi Ne Bai Yi Tanadi Ba

Dattijon ya kai gaban tagar ofishin fansho wajen ƙarfe ɗaya da rabi, bayan ya wuni a layi tun da sassafe. Shekara 35 ya yi yana aiki. A hammatarsa akwai wani tsohon fayil da ya ɗaure da roba, ciki da takardar kama aiki, takardun ƙarin girma, takardar albashin ƙarshe, takardar ritaya da hotuna huɗu. Ya yi sallama. Yaron da ke bayan gilashi, wanda a haife dattijon ya haifi babban yayansa, bai ɗago kai daga waya ba.

"Ɗana, batun kuɗina ne. Wata tara ke nan."

"Lamba."

Ya karanto lambar. Yaron ya danna kwamfuta da yatsa ɗaya, ya ja tsaki.

"Baba, shekarar haihuwarka ba ta yi daidai ba. Nan 1962, can 1963. Kuma akwai wata 14 da wurin aikinku bai zuba komai ba."

"Amma an cire a albashina, ga takardun."

"Ni na cire? Ka koma can ka tambaye su."

"Can ɗin su suka turo ni nan."

Sai a lokacin ya ɗago. Ya dubi dattijon sama da ƙasa, ya ce, "Ku matsalarku ke nan. Da kun yi tanadi tun kuna da ƙarfi, da ba ku zo kuna damun mutane ba. Na gaba!"

Madalla da wannan nasiha! Ashe malamin tattalin arziki aka ajiye a bayan taga ba mu sani ba. Mutumin da aka yanki albashinsa sau 420, wata bayan wata, tun kafin kuɗin su taɓa hannunsa, shi ake ce wa bai yi tanadi ba. To in ba tanadi ba ne abin da aka riƙa yanka, mene ne sunansa? Sadaka?

Bari mu yi wa yaron lissafin da bai yi ba. A ɗauka albashin ma'aikaci 100 ne, na kowane irin kuɗi. A ɗauka ana zuba masa 18 duk wata, kamar yadda dokar fansho ta Najeriya ta 2014 ta tsara, 8 daga ma'aikaci, 10 daga mai aiki, wanda ma ya fi na ƙasashe da dama kauri. A shekara 216. A shekara 35, jimilla 7,560. In ribar da asusun ya samu ta yi kunnen doki da hauhawar farashi, abin da ya tara bai wuce albashin shekara shida da 'yan watanni ba. Yanzu a raba shi a kan shekara 20 na tsufa, wato wata 240. Kowane wata 31 da rabi. In ya karɓi rubu'in kuɗin a dunƙule ranar ritaya don ya biya bashi ko ya gyara rufin ɗaki, abin ya sauko ƙasa da 24. Mutumin da 100 ba ta isarsa, an ce ya rayu da 24, a daidai lokacin da gwiwa ta fara ciwo, ido ya fara hazo, magani ya zama na kullum.

Kuma wannan lissafin na yi masa kara. Na ɗauka albashinsa bai taɓa canzawa ba, alhali a shekarun farko ɗan mitsitsi ne, abin da aka zuba a lokacin ma haka. Na ɗauka ba a taɓa tsallake wata ko ɗaya ba. Yarjejeniya mai lamba 102 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, tun 1952, ta ce mafi ƙarancin fanshon wanda ya yi shekara 30 yana zubi shi ne kashi 40 cikin ɗari na abin da yake samu. Mafi ƙaranci fa, ba na jin daɗi ba.

Daga nan sai ɓarayin da ba su fasa ƙofa. Na farko hauhawar farashi. In tana tafiya da kashi 10 a shekara, cikin shekara bakwai da ɗoriya kuɗinka sun rasa rabin ƙarfinsu. In kashi 20 ce, ko shekara huɗu ba za a kai ba. Fanshon da ba a ɗaure shi da farashi ba, lambar tana nan yadda take a takarda, abin da take saye ne ke zagwanyewa kamar gishiri a ruwa. Na biyu kuɗin kula da asusu. Kashi 1 a shekara, wa zai tsaya yin faɗa a kansa? Amma a kan dukkan abin da ka tara ake cirewa, kowace shekara, ko an ci riba ko an faɗi, kuma cikin shekara 35 yana iya lashe wajen kashi ɗaya cikin shida na abin da ya kamata ka samu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na uku shi ne wanda ya kama dattijon nan: an cire a takardar albashi, ba a zuba a asusu ba. Wata 14 ɗin ba su kaɗai suka tafi ba, har da ribar da za su haifa cikin shekaru. Wanda bai riƙa gwada takardar albashinsa da bayanin asusunsa duk wata uku ba, wanda bai gyara kuskuren harafi ɗaya a sunansa tun yana bakin aiki ba, sai ranar da ba shi da albashi zai gano, kuma ranar babu mai ɗaga masa waya.

Ran ritaya sai a shimfiɗa maka zaɓi biyu. Ko ka riƙa cira kaɗan-kaɗan, kana fargabar kada kuɗin su riga ka ƙarewa, ko ka miƙa su ga kamfanin inshora ya riƙa biyanka har ƙarshen rai, yawanci adadi guda da ba ya motsi. Gaba kura, baya sayaki. An kai matsayin da tsawon rai, abin da ake roƙa wa mutum, ya koma haɗarin da ake lissafawa.

Ba haka kawai abin ya faɗo daga sama ba, shirya shi aka yi. A tsohon tsari, gwamnati ko kamfani ne ke ɗaukar alkawari: ka yi shekara kaza, za ka karɓi kaso kaza na albashinka har ka koma ga Allah. In kasuwa ta faɗi, kansu ta faɗa. Da nauyin ya ishe su, sai suka sauke shi a wuyan ma'aikaci, suka raɗa masa suna mai daɗi, wai asusunka na kanka. Ƙasar Chile ce ta buɗe wannan hanya a 1981 ƙarƙashin mulkin soja na Pinochet, kuma abin dariya, sojojin da suka kawo tsarin ba su shiga cikinsa ba, sun riƙe nasu na da. Wanzami ba ya son jarfa. A 2016 jama'ar ƙasar suka cika tituna suna zanga-zanga, don waɗanda suka yi zubi shekara da shekaru sun ga abin da ya fito. Kafin nan ƙasashe da yawa sun riga sun kwafa.

Inda ba a taɓa kuɗin ba kuma, sai a matsar da ranar. A 2023 gwamnatin Faransa ta zartar da dokar ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64 ba tare da an kaɗa mata ƙuri'a a majalisar wakilai ba, duk da watannin da aka kwashe ana yajin aiki. Dabarar tsohuwa ce: lokacin da Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na wancan zamani, ya kafa fanshon tsufa a ƙasar a 1889, sai ka kai 70 za ka karɓa, a zamanin da ma'aikata da yawa ba sa kaiwa. Mai zama a kujera mai juyawa cikin sanyin na'ura shi ke yanke wa birkila da direban babbar mota da mai jinya hukuncin ƙarin shekara biyu, kamar bayansu da nasa ɗaya ne.

Duk wannan ma maganar masu sa'a ce, masu takardar albashi. Sama da rabin ma'aikatan duniya, wajen mutum biliyan biyu, ba su da rajista ko'ina. Ba mai cire musu, ba mai zuba musu. Ritayarsu ita ce ranar da jiki ya ƙi tashi. Mu kuma jama'a mun iya shirya liyafar bankwana, a yi jawabi, a ba mutum agogon bango, a tafa. Agogo! Don ya riƙa ƙirga watannin da ba a biya shi ba, ko? An ci moriyar ganga, an yada kwaurenta.

Dattijon bai ce uffan ba. Ya tattara takardunsa ɗaya bayan ɗaya, hannu na rawa, robar ta tsinke, hotunan suka zube ƙasa. Wata tsohuwa da ke bayansa ce ta sunkuya ta tsince masa. Yana juyawa sai yaron ya ƙwala masa kira, ya dawo da sauri yana zaton an samu mafita.

"Baba, kar ka manta, wata mai zuwa akwai tantancewa. Ka zo da kanka da shaidar cewa kana raye."