Rigakafi ba harkar goyo kaɗai ba ce

A wurin yawancinmu, allurar rigakafi ta jarirai ce. Da yaro ya karɓi ta ƙyanda sai katin ya shige ƙasan akwati, ba a sake waiwayarsa. Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa a 1974 ƙananan yara ya sa a gaba, kuma ya yi rana. Sai dai cuta ba ta tambayar shekaru.

Mashaƙon da ya addabi Kano a 2023 ya nuna mana haka. Da yawa daga cikin waɗanda ya kwantar yara ne da suka isa makaranta, wasunsu ba su taɓa ganin allurar ba. Ko wanda ya samu ukun farko, kariyar tana raguwa. Shi ya sa hukumar ke ba da shawarar ƙarin uku, ta ƙarshe tsakanin shekara 9 zuwa 15. Wa ke bin sawun ɗan shekara 12 a tsarinmu? Balle almajirin da ke kwana cikin cunkoso a zaure lokacin zafi, daidai sa'ar da sanƙarau ke yawo.

Za a ce mutanenmu ne ba sa yarda. Gaskiya ne, tabon gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996 bai goge ba, kuma ƙaurace wa ɗigon shan inna a 2003 ya jawo asara. Amma ku je sansanin alhazai: dattijo zai naɗe hannun riga a yi masa ta sanƙarau ba musu, don Saudiyya ta shar'anta. Idan an yi bayani, aka kuma kawo allurar inda mutum yake, yana karɓa.

Maza magidanta su aka fi mantawa. Mai juna biyu tana samun ta sarƙe-haƙora wajen awo, mijinta kuwa, da fartanya ke sara a gona, sai ya ji rauni ake tunawa da shi.

An fara motsi da allurar sankarar bakin mahaifa, wadda aka soma yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta a Oktoban 2023. Amma yarinyar da ke talla ba a aji za a same ta ba. Jihohi su ware kuɗi, su tura ma'aikata Islamiyyu, tsangayu, tashoshin mota da ranakun kasuwa, da rajistar da za ta bi mutum har girmansa.